Murjani a Cikin Akwatin Gilashi: Sai an Auna Kafin a Zuba

Idan aka ce murjani, abin da zai faɗo wa yawancinmu a rai shi ne jan dutsen wuyan da iyayenmu mata da kakanninmu suke ado da shi. To, murjani na gaske ƙashin wata ƙaramar dabba ce ta teku. Jan da ake yin dutsen wuya da shi, a Bahar Rum aka fi samo shi. Yana da dangi masu yawa da ke zaune a ruwa mai ɗumi marar zurfi, inda suke gina tuddai a ƙarƙashin teku. Akwai irin waɗannan tuddai a Bahar Maliya, kusa da Jidda da gaɓar Sudan, mafi girmansu kuwa yana gaɓar Ostireliya, tsawonsa wajen kilomita 2,300.

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya, mutane da dama suna kiwon murjani mai rai a gida, cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, tare da kifaye masu launi. Abin sha'awa ne ƙwarai a ido, sai dai kiwo ne mai tsada, kuma reshen da ya shekara biyu yana girma zai iya mutuwa cikin kwana biyu idan ruwan ya canza. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, kusan duk aikin mai wannan kiwo kemistirin da muke yi ne a aji.

Bari mu fara da dabbar. Murjani taro ne na ƙananan halittu masu taushin jiki, kowace da baki da 'yan yatsu kewaye da shi. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da haske ta ba su, su kuma su ba ta masauki: zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. A ƙarƙashinsu suke gina ƙashin da suke zaune a kai, da sinadarin kalsiyam kabonet, wato irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da ƙoƙon dodon koɗi. Kayan ginin guda biyu, kalsiyam da kabonet, daga cikin ruwa suke zuƙo su. A teku wannan ba abin damuwa ba ne, domin ruwan ba ya ƙarewa. A akwati mai lita ɗari kuwa, kullum murjani na ci, babu mai mayarwa sai mai akwatin.

Abubuwa uku ake sa wa ido sosai. Na farko kalsiyam. A ruwan teku akwai kimanin miligiram 420 a kowace lita, masu kiwo kuma suna ƙoƙarin riƙe shi tsakanin 380 da 450. Na biyu shi ne alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa yake da shi na shanye asid ba tare da ya yi tsami ba. Wannan ƙarfi daga kabonet da baikabonet yake zuwa, don haka auna shi tamkar auna yawan kayan ginin murjani ne. Ana lissafa shi da wani ma'auni na Jamusawa da ake rubutawa dKH. Teku na da wajen 7, a akwati kuma ana so ya zauna tsakanin 7 da 11. Na uku maganiziyam, wanda yake wajen miligiram 1,300 a lita. Murjani ba ya cin sa da yawa, amma shi ne mai shiga tsakani: yana hana kalsiyam da kabonet su haɗe da kansu su faɗi ƙasa kamar farin gari. Idan ya yi ƙasa, sai mutum ya yi ta zuba sauran biyun, awo ya ƙi tashi, ya rasa dalili.

A cikin ukun nan, alkaliniti ne ya fi saurin kashe murjani, kuma lissafi zai nuna mana dalili. Duk sanda murjani ya cinye dKH 1 na alkaliniti, kalsiyam ɗin da ya ci tare da shi miligiram 7 ne kacal a lita. Cire 7 daga 420, ko a jikin ruwan. Amma cire 1 daga 8 babban giɓi ne. Akwatin da ya cika da murjani mai girma zai iya cin haka a rana guda. Ke nan idan mai shi ya yi tafiyar kwana uku bai bar tsari ba, zai dawo ya tarar kalsiyam yana nan kusan yadda ya bar shi, alkaliniti kuwa ya sauko zuwa 5, naman murjani ya fara saɓulewa daga ƙashi.

Yaya ake awon? 'Yan ajin kimiyya na SS2 da SS3, ku matso kusa. Ana ɗibar ruwan akwatin mililita kaɗan a ƙaramar kwalba, a sa sinadarin da ke nuna launi, sannan a riƙa ɗiga asid ɗigo-ɗigo har launi ya juya. Yawan asid ɗin da aka ɗiga shi zai faɗi alkaliniti. Wannan shi ne taitireshan ɗin da wasunmu ke gudu ranar firaktikal, ga shi wasu suna sayen kayan aikinsa da kuɗinsu suna yi a falo don nishaɗi.

Da awo ake gane abin da za a zuba. A ce akwati na ɗauke da ruwa lita 100. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe an auna an sami 8, ba a zuba komai ba, ranar Talata a daidai wannan lokaci an sami 7. Ke nan murjani na cin dKH 1 a rana. Abin da aka fi mayar da shi da shi shi ne sodiyam baikabonet, wato bekin soda na girki (ba bekin fauda ba, wannan an gauraya shi da wasu abubuwa). Miligiram 30 a lita yana ɗaga dKH 1, don haka lita 100 na buƙatar giram 3 a rana. Ana narkar da shi a ruwa mai tsabta, a raba shi kashi-kashi, a zuba a hankali inda ruwa ke gudu. A kula, lita 100 na ruwa muka ce. Duwatsu da yashi suna cin wuri, wanda ya yi lissafi da girman akwati zai zuba fiye da kima. Kanwar da ake sa wa miya ma dangin wannan sinadari ce, akwai sodiyam kabonet da baikabonet a cikinta, sai dai tana zuwa da ƙasa da wasu gishirai, ba a iya sanin ainihin abin da aka zuba.

Kalsiyam kuma da kalsiyam kuloraid ake mayar da shi, a wata kwalba daban. Ba a taɓa haɗa kwalaben biyu wuri ɗaya, ba a kuma zuba su lokaci guda a gefe guda, domin nan take za su haɗe, ruwa ya yi fari fat, a yi asarar duka biyun. Masu hali suna sayen ƙaramin famfo mai agogo da ke ɗiga kowanne a lokacinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Mutum ya auna ya ga 6, hankalinsa ya tashi, ya zuba abin da zai kai ruwan 9 a dare ɗaya. Murjani na iya jure zama a 7, yana iya jure zama a 10, abin da ba ya jurewa shi ne yau nan, gobe can. Shi ya sa gogaggun masu kiwo ba sa ɗaga alkaliniti fiye da dKH 1 a rana. Haka kuma shaguna cike suke da kwalabe masu kyawawan hotuna, na aidin da sauran sinadaran da murjani ke buƙata kaɗan-kaɗan. A ganinmu, wanda ba shi da abin auna sinadari bai kamata ya zuba shi ba. Zubawa minti ɗaya ne, cirewa kuwa sai an yi ta canza ruwa. Canza kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako ko mako biyu yakan wadatar da waɗannan ƙananan buƙatu.

Akwai batun gishiri, wanda ya shafi darasinmu na tururi. Ruwan teku na da giram 35 na gishiri a kowane kilo. Idan ruwan akwati ya ƙafe, ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri na nan. Saboda haka da ruwa marar gishiri ake cikawa, wanda aka tace sosai. Ruwan famfo ko na rijiya kan zo da fosfet da naitiret masu sa gansakuka ta rufe murjani, wani lokaci har da tagulla, wadda ƙanƙaninta ke kashe shi. Zafin ruwa kuma ana riƙe shi tsakanin digiri 24 da 27. Idan ya wuce haka ya daɗe, murjani kan kori gansakukar jikinsa ya koma fari, yunwa ta kama shi. Haka ya faru ga manyan sassan tuddan Ostireliya a 2016 da 2017. Ku kwatanta da zafin watan Afrilu a ajinmu, ga ɗaukewar wuta, za ku ga abin da zai sa wannan kiwo ya yi wuya a nan.

Saura pH, wanda ake so ya zauna tsakanin 7.8 da 8.3. Iskar kabon dayoksaid idan ta narke a ruwa tana zama asid mai rauni. Ɗakin da aka rufe ruf, mutane na numfashi a ciki, yakan sa pH na akwati ya sauka, buɗe taga kawai sai ya ɗaga shi. Da dare ma yakan sauka, domin babu hasken da gansakuka za ta zuƙe iskar da shi. Abin da ke faruwa a ɗakin nan yana faruwa a teku: hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ya sa pH na saman teku ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. Lambar ƙarama ce a ido, amma tana nufin tsamin ruwan ya ƙaru da kusan kashi talatin cikin ɗari, kuma ginin ƙashi na ƙara yi wa murjani wuya.

Jamusawa masu kiwo sun yaɗa wata dabara ta maganin wannan: ɗiga ruwan kalsiyam haidiroksaid cikin akwati da dare. Yana ba da kalsiyam da alkaliniti tare, yana kuma ɗaga pH. Ɗigo-ɗigo ake sa shi, domin nasa pH ya haura 12. Wannan ruwa shi ne wanda muke gwada kabon dayoksaid da shi a ɗakin gwaji. Ku roƙi malamin kemistiri ya ba ku kaɗan a kwalba, ku hura iska a ciki da tsinken shan lemo, ku yi hankali kada ku zuƙa. Zai yi fari kamar madara, farin nan kalsiyam kabonet ne, sinadarin ƙashin murjani. Ku ci gaba da hurawa, za ku ga farin ya fara narkewa, ruwan ya sake washewa, domin iskar ta yi yawa har ta narkar da abin da ta gina. Wanda ya gwada ya rubuto mana minti nawa ya ɗauka, za mu liƙa amsoshin a fitowa ta gaba.