Wasannin Bidiyo: Yadda Gem Ya Baro Shago Ya Shiga Ɗakin Kwanan Yara

A garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa, daga Dutse zuwa Ringim da Taura, kalmar "gem" ta zama ruwan dare a bakin yara. A shekarun baya, yaron da ke son buga wasan bidiyo sai ya nufi shagon da aka ajiye talabijin da na'urar PlayStation, ya biya kuɗin wasa guda, ya jira layinsa. Har yanzu waɗannan shaguna suna nan, amma mafi yawan wasan ya koma cikin wayar salula, wato wayar uba ko ta uwa ko ta wani babban yaya a gida. Wannan sauyi shi ne abin da ya kamata iyaye su fara fahimta kafin su yanke wa wasannin hukunci.

Shagon gem, duk da ƙorafin da aka daɗe ana yi a kansa, yana da iyakokin da suka zo tare da shi. Kuɗin yaro kan ƙare, mai shago kan kashe janareto ya rufe, wasu yaran na jiran nasu lokacin, kuma duk wanda ya wuce ta hanyar yana iya ganin ɗan wane a zaune lokacin makaranta ya kai labari gida. Wayar salula ta kawar da waɗannan shingaye gaba ɗaya. Yaro na iya kwanciya a ɗaki, ya ja bargo, ya buga har tsakar dare ba tare da kowa ya sani ba. Iyakar da a da shago da unguwa ke sanyawa, yanzu babu mai sanya ta sai iyaye.

Yadda aka tsara wasannin

Wasannin da suka fi jan matasa a waya, irin su Free Fire wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, kyauta ake sauke su. Kamfanonin na samun riba ne daga abubuwan da ake saya a cikin wasan, kamar tufafin ɗan wasa da adon makamai. Saboda haka bukatarsu ita ce mai wasa ya daɗe a ciki, ya kuma dawo gobe. Shi ya sa ake ba da tukuici ga wanda ya shiga kowace rana, ake tsara matakan da mutum zai hau, ake kuma kawo kayan da ba za a same su ba sai a cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma abin da iyaye da dama ba su sani ba: irin waɗannan wasanni ba a dakatar da su. Ana fafatawa ne kai tsaye da mutane na gaske ta intanet, kuma wanda ya fita ana tsakiyar wasa ya bar abokansa cikin asara. Idan uwa ta kira ɗanta ya ce "ina zuwa" har sau uku, sau da yawa abin da ke riƙe da shi ke nan. Wannan ba uzuri ba ne na ƙin amsa kira, sai dai yana nuna cewa yarjejeniyar lokaci kafin a fara wasa ta fi amfani a kan fizge waya ana cikinsa.

Kuɗi da baƙin mutane

A gidan ɗan kasuwar da ke hada-hada a kasuwar Gujungu, ko ma'aikacin da ke karɓar albashi ta banki, wayar da yaro ke wasa da ita galibi ita ce mai ɗauke da manhajar banki. Idan yaro ya san lambar sirri, ko an haɗa katin banki da rumbun manhajoji, sayayya cikin wasa ba ta wuce taɓawa biyu ba. Matsalar ba ta tsaya ga ƙasashenmu ba. A Disamban 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da keta sirrin yara da kuma yaudarar masu wasa su sayi abin da ba su yi niyya ba.

Wasu wasannin kuma na sayar da akwatin sa'a, inda mutum ke biyan kuɗi bai san abin da zai fito masa ba. A 2018 hukumomin ƙasar Beljiyam suka ayyana irin wannan ciniki a matsayin caca. Ga al'ummar da addininta ya haramta caca, wannan batu ne babba, domin yaron da ya saba biyan kuɗi yana jiran sa'a ya riga ya san ɗanɗanon abin da shagunan cacar ƙwallo ke sayarwa.

Haka nan wasannin suna da kafar magana da murya da ta rubutu. Yaro a Taura na iya zama cikin tawaga ɗaya da babban mutum a wata ƙasa. Mafi yawan hirar ta wasa ce, amma ta nan ake koyon ashar, ta nan kuma mai mugun nufi kan nemi lambar waya ko hoto.

Abin da masana lafiya suka ce

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta, kuma kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta zayyana uku ne: mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, sannan ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani. Yawanci sai an ga haka na tsawon wata 12. Hukumar ta kuma bayyana cewa kaso kaɗan ne na masu wasa ke kaiwa wannan mataki, don haka ba kowane yaro mai son gem ba ne mara lafiya.

Ga ƙananan yara, shawarar hukumar ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Likitocin barci na cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 na bukatar awa 9 zuwa 12 na barci, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da zai tashi sallar asuba, ya je makarantar boko da safe, ya wuce Islamiyya da yamma, idan ya kai ƙarfe ɗayan dare yana wasa, gyangyaɗi a aji ne zai fara fallasa shi.

Dangane da wasannin harbe-harbe, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da zafin rai, kamar tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da ke nuna suna sa mutum aikata ta'asa. Wasannin kuma ba su rasa alheri ba. Akwai masu koyar da lissafi da karatun Turanci, akwai irin Minecraft da ke horar da yaro tsara gini, kamar yadda dara ke kaifafa tunanin manya a gindin bishiya.

Nauyin da ke kan iyaye

Wasu ƙasashe sun gwada doka. A Agustan 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga sha biyun dare zuwa shida na safe tun 2011, amma a 2021 ta soke dokar, ta bar wa iyaye da 'ya'yansu zaɓin lokaci. Bayan shekara goma ana gwaji, maganar ta dawo gida.

Matakin farko shi ne uba ko uwa su san sunan wasan da ɗansu ke bugawa, su zauna su kalla. Kowane wasa na ɗauke da alamar shekarun da ya dace da su. A tsarin PEGI na Turai lambobin su ne 3, 7, 12, 16 da 18. Wasan ƙwallon ƙafa na FIFA yana da lamba 3, Grand Theft Auto V kuwa 18, alhali a shago ɗaya ana iya samun su duka biyun.

Na biyu, a tsayar da lokaci sananne. Yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da Islamiyyu da yawa ke hutu, ya fi dacewa da daren da za a wayi gari a je makaranta. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba da damar ƙayyade awoyi, rufe waya da dare, da hana sauke wasa sai da izini. Na uku, a raba wayar kasuwanci da wayar wasa, a sauya lambar sirrin banki, a kashe kafar hira da baƙi ga ƙananan yara.

Sai kuma a cike gurbin. Yaron da aka karɓe wa waya aka bar shi zaune zai nemi ta maƙwabci. Filin ƙwallo, langa, zaman shago tare da uba da koyon sana'ar hannu su ne ke rage wa gem daraja a idonsa. Mai shagon gem a unguwa ma yana da rawar takawa, ta hanyar mayar da duk yaron da ya zo masa lokacin makaranta, domin ɗa na kowa ne. Uban da ke cin abinci idonsa na kan waya kuwa, zai yi wuya dokarsa ta yi tasiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙa'idar da aka kafa wa ɗan shekara bakwai ta fi sauƙin tsayawa a kan wadda za a fara ɗora wa ɗan sha bakwai.