Abin da ya sa yarjejeniyar AfCFTA ba za ta karya babakeren siminti da man fetur ita kaɗai ba

Mai buga bulo a Hotoro, ko mai kanti a Gyadi-Gyadi da ke sayar da siminti buhu-buhu, ba shi da zaɓi mai yawa. Kusan duk buhun da zai shigo hannunsa daga ɗaya cikin kamfanoni uku ya fito: Dangote, BUA ko Lafarge, kuma na Dangote kaɗai ya haura rabin kasuwar. Wannan na faruwa ne a ƙasar da ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, tun ranar 1 ga Janairun 1995, ta kuma sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, a Yamai cikin Yulin 2019. To ina gasar da ake cewa buɗe kasuwa na kawowa?

Amsar tana cikin abin da Najeriya ta buɗe da abin da ta rufe. Shiga WTO bai tilasta wa ƙasa sakin kowane kaya ba. Najeriya ta ɗaure kanta da alkawarin iyakar kuɗin fito a kan kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na nau'o'in kaya, sauran kuwa ta bar wa kanta damar ɗagawa da saukewa. Saboda haka gwamnatoci ne suka riƙa zaɓen wanda za a kare da wanda za a bari a fili.

Masaƙu na cikin waɗanda aka bari. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, a daidai lokacin da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa ke fama da rashin wutar lantarki da tsadar man injin. Ko da aka maido da haramcin daga baya, fasa-ƙwauri ta kan iyakar Nijar ya riga ya yi hanya, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007. Ba daidai ba ne a ɗora wa WTO laifin duka, amma masu masaƙa suna da yawa, muryarsu a rarrabe take, ba su samu kariya mai ɗorewa ba.

Siminti kuwa wata hanya ya bi. A 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da manufar ba da lasisin shigo da siminti ga waɗanda suka zuba jari a masana'antar cikin gida kaɗai. Manufar ta yi aiki, dole a faɗa: an gina Obajana a Kogi, an faɗaɗa Kalambaina a Sakkwato, ƙasar da ta saba dogaro da jiragen ruwa ta koma fitar da siminti waje. Sai dai ba a sa wa kariyar wa'adi ba, kuma ba a ɗaura mata sharaɗin farashi ba. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya ƙara katanga, ya sanya siminti cikin kaya 41 da ba za a ba masu shigo da su dala a kasuwar gwamnati ba, matakin da ya tsaya har Oktoban 2023. Sa'ad da farashi ya yi tashin gwauron zabo a Fabrairun 2024, abin da gwamnati ta iya yi shi ne kiran kamfanonin uku zama da Ministan Ayyuka David Umahi, aka tashi da matsayar Naira 7,000 zuwa 8,000 kan buhu. Kasuwar da minista zai daidaita farashinta da mutum uku a ɗaki guda, ai ba a kira ta kasuwar gasa ba.

AfCFTA ma ta bar irin wannan ƙofa. Tsarinta shi ne a cire kuɗin fito a hankali kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, a jinkirta kan kashi 7, a kuma ƙyale kowace ƙasa ta keɓe kashi 3 baki ɗaya. Kashi 3 ƙarami ne a takarda, amma ya isa ya ɗauki 'yan kayayyakin da manyan kamfanoni suka fi damuwa da su. Tarihin kusa ma bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Wata guda bayan sa hannun Yamai, gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu, ƙananan 'yan kasuwar Kano da Maraɗi suka tsaya cik har Disambar 2020, alhali kafin a buɗe an ba Dangote da BUA izinin musamman na ratsa iyakar da siminti.

Yanzu muhawarar ta koma kan man fetur, abin da mazauna Hotoro suka sani sarai, tunda depon NNPC da aka gina don karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna yana unguwarsu. Shekara da shekaru babakeren na gwamnati ne. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, a watan kuma ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja tana neman a soke lasisin shigo da mai da aka ba NNPC da wasu 'yan kasuwa, ciki har da AA Rano na Kano. Ta janye ƙarar a Yulin 2025. Hujjarta tana da nauyi, domin babu mai zuba biliyoyin daloli ya so a cika masa kasuwa da man waje. Amma idan aka toshe shigowa alhali matatun gwamnati ba su da wani abin kirki da suke tacewa, direban Adaidaita Sahu a Tarauni zai dogara ne da farashin da kamfani ɗaya ya yanke.

Makamin da ya dace da wannan matsala na cikin gida ne, wato dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC ta kuma haramta wa kamfanin da ya mamaye kasuwa yin amfani da ƙarfinsa wajen danne abokan gasa ko tsauwala farashi. Sai a farkon 2019 aka sa mata hannu, shekara 24 bayan shiga WTO, shekara 17 bayan an fara kare siminti.