Madarunfa: Haɗa kyamara da gilashin wani kamfani na buƙatar lura

Ga mai ɗaukar hoton tsuntsaye da masunta a tafkin Madarunfa, jihar Maraɗi, ba abin da ke ɓata aiki kamar rawar hannu, musamman a cikin kwalekwale.

A 2008 Olympus da Panasonic suka amince da mahaɗi iri ɗaya, don haka gilashin wannan yana hawa kyamarar wancan. Sai dai na'urar hana girgiza ta kyamara da ta gilashi ba sa aiki tare sai in kamfaninsu ɗaya. In an gauraya, ɗaya kawai ke aiki.

Don ɗaukar abu mai nisa, ta gilashi ta fi dacewa. A saita tun a bakin ruwa, domin tsuntsu ba ya jira.