Wasiƙar da Ba Ku San Mai Ita Ba

A zamanin iyayenmu, in wasiƙa za ta zo Kahu daga Kano, sai ta bi ta gidan waya. Takan zo cikin ambulan, da kan sarki da hatimi. Mai ita ya kai wa malami, malami ya karanta masa. Yanzu wasiƙa ta koma cikin wayar hannu. Akwai gajeren saƙo, akwai kuma doguwar wasiƙar intanet wadda ake kira imel. Ku da kuka fara karatu, ku ne maƙwabta za su riƙa miƙo wa waya su ce, "Duba mini." To, sai ku san yadda ake dubawa.

Waɗansu mutane, da sun ga wasiƙar da ba su san mai ita ba, sai su share ta. Wannan ba dabara ba ce. Watakila daga makarantar ɗanka ta fito, ko daga hukumar jarrabawa ta JAMB, ko daga bankinka. In ka share, ka yi asara. Waɗansu kuwa kome aka ce su yi, sai su yi. Waɗannan su ne abincin ɗan damfara.

Galibi buɗe wasiƙa a karanta da ido ba ya jawo ɓarna. Haɗarin yana wuri biyu. Na ɗaya, rubutun nan mai launin shuɗi wanda ake cewa ka taɓa shi. Ƙofa ce, in ka taɓa sai ta kai ka wani shafi. Na biyu, ƙunshin da aka liƙa a jikin wasiƙar. In ka buɗe shi, yana iya dasa wa wayarka ɓarawo a ciki, ya riƙa kwashe asirinka ba ka sani ba. Saboda haka karanta, amma janye yatsanka.

Sa'an nan dubi wanda ya aiko. Sunan da ke sama ba shaida ba ne, domin kowa yana iya rubuta sunan banki, kamar yadda kowa ke iya naɗa rawani. Taɓa sunan, adireshin zai fito. Dubi abin da ya biyo bayan alamar nan @. Adireshin hukumomin gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng. In wasiƙa ta ce daga banki take, amma adireshinta ya ƙare da gmail.com, ƙarya ce, gama kowa yana iya buɗe irin wannan kyauta. Wani lokaci harafi ɗaya kurum suke sakewa cikin sunan bankin. A nan ne karatun baƙi baƙi da muke yi a aji zai yi muku rana. Mai hanzarin karatu shi ya fi faɗawa.

Ku lura kuma da abin da wasiƙar ke nema. Tun shekarar 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN, mai alƙaluma 11. Akwai lambar asiri ta katin ATM, mai alƙaluma 4. Akwai kuma lambar da banki ke aikowa nan take in za a cire kuɗi. Banki ba ya tambayar lambar asirinka a wasiƙa ko a waya, ko da manaja ne. Wanda duk ya tambaya, mabuɗin rumbunka yake nema. Haka kuma wanda ya ce ka ci kyauta, ko an sa ka cikin tallafin taki, amma sai ka fara biyan wani abu. Ba ka sayi goro ba, yaya za a ce maka ga canjinka? Irin wannan zamba ce ake kira 419, sunan kuwa ya fito daga lambar wani sashe na dokar laifuffuka.

Ɗan damfara yana son gaggawa. Zai ce za a rufe ajiyarka kafin magariba. Kada wannan ya firgita ka. Gaggawar nan ita kanta alama ce.

To, in har wasiƙar ta yi kama da gaskiya fa? Sai ka bi ta wata hanya dabam. Kada ka buga lambar da ke cikin wasiƙar, domin ɓarawon ne zai amsa, ya ce gaskiya ne. Juya katin bankinka, akwai lamba a bayansa, buga wannan. Ko kuwa ka ɗauki wayar ka tafi bankin da ƙafarka. In ta makaranta ce, je wurin hedimasta. Kuɗin babur zuwa Kibiya ko Rano bai kai kuɗin gyaɗar shekara ba.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutanen karkara da yawa suka koma ciniki da waya. In mai sayen hatsinka ya ce ya turo kuɗi, saƙo kuma ya shigo, kada ka saki buhu tukuna. Ana ƙirƙirar irin wannan saƙo. Duba ajiyarka da kanka, ka ga kuɗin sun ƙaru.

In kuwa mutum ya riga ya ba da lambarsa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya sa banki ya toshe katin a ranar, kada ya kwana. Kada ya share wasiƙar, gama ita ce shaidarsa in ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko hukumar EFCC, wadda ke da ofis a Kano.