Daga ina sunan Hannatu ya fito?

Musulmi da Kirista duk suna raɗa wa 'ya'yansu mata sunan Hannatu a ƙasar Hausa, amma asalinsa Ibrananci ne, Hannah, ma'anarsa alheri ko tagomashi. A Littafi Mai Tsarki, Hannatu ce matar Elkana wadda ta daɗe ba ta haihu ba, ta kai kukanta ga Allah a Shilo, ta haifi Sama'ila.

Alƙur'ani bai ambaci sunan ba. Malaman tafsiri irin su Ɗabari ne suka ce haka ake kiran matar Imrana, mahaifiyar Nana Maryam. Wannan "tu" na ƙarshe kuwa Larabci ya kawo shi, kamar a Saratu. Anna da Anne na Turawa ma daga tushen nan suka fito.