Garkuwar Jiki da Sankarar Fata ta Melanoma

Daga cikin al'amuran da suka daɗe suna ba malaman ɗibbu mamaki game da melanoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta, akwai cewa mutum biyu sukan zo da ƙari iri ɗaya, amma aƙibarsu ta sha bamban. Da aka duƙufa ana nazarin naman ƙarin a ƙarƙashin madubin likita, sai ta bayyana cewa wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka kutsa cikin ƙarin da yawa galibi ya fi tsawon rai, alhali waɗanda aka raunana garkuwarsu da magani saboda dashen ƙoda sun fi saurin kamuwa.

To, me ke hana jiki gamawa da cutar da kansa? Hikimar halitta ta sanya wa fararen ƙwayoyin jini linzami domin kada su afka wa lafiyayyun gaɓɓai, sankarar kuwa, da makircinta, ita ke jan linzamin. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan su ne suka fayyace wannan sirri, har aka ba su lambar Nobel a 2018. Maganin farko mai sassauta linzamin, ipilimumab, ya sami izini a Amurka a 2011, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014. A da, wanda cutar ta bazu a jikinsa da wuya ya cika shekara. Yanzu kusan rabin waɗanda aka haɗa wa magani biyu suna wuce shekara 5. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, bai rasu ba sai 2024, yana da shekara 100.

Sai dai fa garkuwar da aka saki takan huce a kan hanji ko hanta ko huhu, ga kuma tsada mai tsanani. Abin da ya fi shafarmu, a ganina, shi ne cewa maganin ya fi tasiri a kan nau'in da hasken rana ke haddasa wa Turawa, kamar na Ostareliya, domin rana takan jirkita ƙwayoyin fata sosai har garkuwa ta shaida su a matsayin baƙi. Nau'in da ya fi samun baƙar fata kuwa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce yake fitowa, irin wanda ya yi ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981, jirkitarsa kaɗan ce, bai cika jin maganin ba, don haka har yanzu tiyata da wuri ce babbar madogarar likitoci a kansa.