Ciwon Maƙogwaro da Ƙyauren Zuciya: Gargaɗi ga Iyaye

A cikin zuciyar ɗan Adam akwai ƙyamare huɗu masu buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya komo. Ɗaya yana bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga dukan jiki. Idan ya ƙanƙance ko ya kāsa rufuwa, sai zuciya ta wahala, yaro ya riƙa haki, ƙirji na ciwo, wani lokaci har ya suma.

Waɗansu yara da ciwon aka haife su. Amma a ƙasashenmu yawanci yakan faro ne daga ciwon maƙogwaro da aka ƙyale, musamman tsakanin shekara 5 zuwa 15. Bayan mako 2 ko 3 sai zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi su biyo baya, su bar tabo a ƙyauren.

In ƙyaure ya lalace, sai tiyata. A Nijeriya an fara aikin buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu cikin 1974. Likita yakan cire ƙyauren ya sa wani. Na ƙarfe yana daɗewa, amma dole mai shi ya sha warfarin, watau maganin hana daskarewar jini, muddin ransa, ana auna jininsa a kai a kai. Maganin kuwa yana da haɗari ga mai ciki. Wanda aka yi da naman saniya ko alade ba ya bukatar haka, sai dai yakan ƙare da wuri a jikin matashi. Hanya ta uku, wadda Donald Ross ya fara a Landan cikin 1967, ita ce a ɗauko ƙyauren jijiyar huhun yaron a dasa a wurin, ya girma tare da shi.

Aikin yana da tsada ƙwarai. Saboda haka ana roƙon iyaye, a Kagoma da kewayen Kafanchan da ko'ina cikin ƙasa, da kada su kai mai ciwon maƙogwaro wurin wanzami don cire beli. A kai shi asibiti, ya sha maganin da aka ba shi har ya ƙare. Wanda zazzaɓin gaɓoɓi ya taɓa kamawa kuwa, lalle ne ya riƙa karɓar allurar penisilin kowane mako 3 ko 4, har sai likita ya ce a daina. Rigakafi ya fi magani.